Motar lantarki: dillalin da ba ya son sanin hajarsa

A ƙarshen watan Nuwamba na shekara ta 2023, dillalan motoci kusan 4,000 na ƙasar Amurka suka sa hannu bisa wata wasiƙa, suka aika wa shugaban ƙasarsu na lokacin, Joe Biden. Abin da wasiƙar ta ƙunsa ba shi da yawa. Wai motocin lantarki sun yi musu kwantai, sun cika harabar shagunansu, jama'a ba su so. Saboda haka gwamnati ta sassauta dokokin hayaƙi da take shirin kafawa, waɗanda za su sa ala tilas kamfanoni su ƙera irin waɗannan motoci da yawa. Suka jera dalilai: tsada, ƙarancin wuraren caji, da tsoron kada wuta ta ƙare wa mutum a tsakiyar hanya. Don kada a ce aljihunsu suke karewa, sai suka raɗa wa kansu suna, wai su ne muryar mai saye.

Mun ji kukansu. Amma kafin mu taya su share hawaye, akwai tambaya guda da wasiƙar ta tsallake, mu kuwa ba za mu tsallake ta ba: hajar nan da ta yi kwantai, an taɓa yin tallarta?

Mai karatu ya san dillali. Je ka kasuwar dabbobi ranar da take ci, ka tsaya kusa da dillalin shanu. Zai buɗe bakin sa ya gaya maka shekarunsa, ya shafa tozo ya gaya maka irin kiwon da ya sha, ya dubi tafiyarsa ya gaya maka ko zai ja garma. Yana iya yi maka ƙarya, wannan ba mu musa ba. Abin da ba za ka taɓa ji daga bakinsa ba shi ne "ban sani ba", domin ranar da ya faɗi haka, ranar ya bar kasuwa. Sani shi ne jarinsa, la'adar da yake karɓa kuwa kuɗin sanin nan ne. To, ga wasu dillalai a ƙasashen da ake ce mana sun ci gaba, da shaguna na gilashi da ma'aikata masu ɗaure wuya, suna karɓar la'ada bisa hajar da in ka tambaye su yadda ake ba ta wuta sai su shiga kame-kame.

Wannan ba zargi ba ne da muka ƙago. An bincika, an rubuta. A shekara ta 2018 mujallar kimiyya mai suna Nature Energy ta buga sakamakon wani aiki da masu bincike suka yi a ƙasashe biyar na arewacin Turai: Danmak, Finlan, Aislan, Norwe da Suwidin. Suka yi shigar masu saye, suka ziyarci shagunan mota 82 har sau 126. A mafi yawan ziyarce-ziyarcen, mai sayarwa bai ko ambaci motar lantarki ba, alhali kamfanin da yake wakilta yana ƙera ta. Inda baƙon ya tayar da maganar da kansa, sau da yawa sai a kushe masa ita, ko a ba shi bayanin da ba daidai ba game da nisan da take iya tafiya da lokacin da caji ke ɗauka, sannan a ja hannunsa a hankali zuwa ga mai shan fetur ko gazuwal. A lura, waɗannan ƙasashe su ne ake buga misali da su wajen kula da muhalli.

A Amurka ma labarin ɗaya ne. A 2019 ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club ta tura ƴan sa-kai shaguna fiye da 900 a jahohi 50 na ƙasar. Kashi 74 cikin 100 ba su da motar lantarki ko guda ta sayarwa. Inda take akwai, sau da yawa an ɓoye ta can bayan fili, kuma akwai wuraren da mai saye ya nemi ya ɗana ta aka tarar ba a yi mata caji ba. Ku ji fa: mai sayar da motar lantarki, ga wuta a shagonsa dare da rana, amma motar ba ta iya tashi. Da ƙungiyar ta sake aikin, ta fitar da sakamako a 2023, kashi 66 cikin 100 ba su da ita. Gaskiya ɗaya ce, a lokacin ana fama da ƙarancin kayan ƙira a duniya, kuma wasu dillalan sun ce da za su samu da sun sayar. Amma daga cikin waɗanda ba su da ita, kashi 45 cikin 100 sun faɗa ƙarara cewa ko an kawo musu ba su so. Watanni kaɗan bayan haka aka rubuta wa Biden cewa jama'a ce ba ta so.

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ɗauka cewa matsalar ta horo ce kawai, a tara ma'aikata kwana uku a ba su takardar shaida shi ke nan, bai dubi inda kuɗin yake ba. Ribar da dillalin Amurka ke samu bisa sabuwar mota ba ita ce ke riƙe da shagonsa ba. Garejin da ke bayan shagon shi ne saniyar tatsa: gyara da sayar da kayan gyara suna kawo kusan rabin ribarsa. Motar fetur kuwa baƙuwa ce mai yawan dawowa. Yau juyen baƙin mai, gobe matacin iska, jibi buji, gata salansa ko bel ɗin inji. Motar lantarki ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ko birkinta ba ya saurin cinyewa, saboda injin da ke tura ta shi ne ke rage mata gudu, yana mayar da wutar cikin batir. Tana cin taya, tana da nata lalurori, amma ba ta zuwa gaisuwa duk bayan wata shida. Wanda ya sayar maka da ita ya sallami abokin ciniki na shekara goma. Ka ce masa ya yi tallarta da zuciya ɗaya? An ba kura ajiyar nama ke nan.

Haka shi ma ƙaramin ma'aikacin da ke tsaye bakin ƙofa. La'ada ake biyansa bisa yawan motocin da ya sayar. Mai neman motar fetur ya san abin da ya zo saye. A yi ciniki, a sa hannu, a kira na gaba. Mai neman ta lantarki da tambayoyi yake zuwa: ina zan yi caji, nawa zan kashe in ja wuta a gida, me zai faru da batir bayan shekara takwas, wane rangwamen haraji ya shafe ni? Kafin a gama da shi an yi asarar masu saye biyu. Ma'aikatan nan kuma ba su daɗewa a wuri ɗaya, wanda aka horas bara ya koma wani aiki bana. Ba mu ga laifin yaron shago ba. Tsarin biyansa ne ya koya masa cewa rashin sani ya fi sani riba.

Manyan kuwa sun nuna matsayinsu da aiki, ba da baki kaɗai ba. A 2020 kamfanin General Motors ya ce wa dillalan Cadillac su zuba kusan dala 200,000 (dalar Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba) wajen na'urorin caji da kayan aiki da horo, ko kuwa su karɓi diyya su bar sayar da Cadillac. Kimanin 150 suka zaɓi diyyar. A 2022 aka yi wa dillalan Buick irin wannan tayi, kusan rabinsu suka karɓi kuɗi suka ajiye alamar. Ford ya gindaya wa nasa sharuɗɗa da suka kai har dala miliyon 1.2 ga masu babban matsayi. Aka yi ta ƙorafi da ƙararraki, a 2024 ya janye shirin. Mutum na iya cewa kuɗin sun yi yawa ga ƙaramin dillali na ƙauye, kuma akwai gaskiya a ciki. To amma wanda ya karɓi diyya don kada ya koyi haja, da wane baki zai tashi ya ce shi ne muryar mai saye?

Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne mai saye ba shi da wata ƙofa. Dokokin jahohi da yawa na Amurka sun hana kamfanin da ya ƙera mota ya sayar wa mutum kai tsaye. Dole a bi ta hannun dillali. An kafa dokokin nan tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce don kare ƙananan ƴan kasuwa daga danniyar manyan kamfanonin Detroit. Yau ƙungiyoyin dillalai na daga cikin masu faɗa-a-ji a majalisun jahohi, kuma sun shafe shekaru suna shari'a da Tesla don hana shi buɗe shagunansa. Wanda doka ta ba ikon tsare ƙofa shi kaɗai, ai akwai haƙƙi bisa wuyansa. Ba ya yiwuwa ka ce kowa sai ta wurinka zai bi, sannan in an zo ka ce ba ka san hanya ba.

Mene ne ma wannan ilimi mai wuya da ya gagari mutane? Ba ya cika shafi biyu. Mota matsakaiciya tana cin kilowat-awa 15 zuwa 20 a kilomita 100, saboda haka batir mai kilowat-awa 60 zai kai ka kilomita 300 zuwa 400, gwargwadon gudu da yanayi. Caji iri uku ne. Bakin wuta na ɗaki a Amurka, mai bolt 120, yana ƙara ƴan kilomita kaɗan a awa guda, sai mai haƙuri. Na'urar da ake kafawa a gida ko wurin aiki, mai kilowat 7 zuwa 11, tana cika mota cikin dare ɗaya. Sai caji mai sauri na bakin hanya, daga kilowat 50 har 350, wanda ke ɗaga batir daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 20 zuwa 40. Daga 80 ɗin nan sai gudun ya ragu ƙwarai, don haka matafiyi mai wayo ba ya tsayawa jiran ta cika fal. Kusan kashi 80 cikin 100 na caji a gida ake yinsa. Wannan magana ta ƙarshe ita ce uwar sauran, domin ita ce ke raba wanda motar za ta yi wa amfani da wanda za ta wahalar. Mai gida da gareji zai manta hanyar gidan mai. Mai haya a bene na biyar, wanda ke ajiye motarsa bakin titi, rayuwarsa za ta rataya bisa tashoshin caji na jama'a, inda wutar ta fi tsada nesa ba kusa ba. Dillalin kirki, tambayarsa ta fari ita ce: ina motarka ke kwana? In amsar ba ta yi ba, ya ce maka kada ka saya. Mu ba cewa muke a tura wa kowa motar lantarki ba. Wanda aka yaudara ya saye ta da wanda aka yaudara ya bar ta, duka biyun an cuce su.

Sannan akwai maganar kan wayar caji, wadda ta isa ta sa mutum hawan jini. Nissan Leaf ta daɗe tana amfani da kai irin na Japan, CHAdeMO. Yawancin sauran motocin Amurka suna da CCS. Tesla yana da nasa. A watan Mayu na 2023 Ford ya ba da sanarwar komawa ga na Tesla, sauran kamfanoni suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ma'aunin Arewacin Amurka. Ke nan akwai shekaru da mutum zai sayi mota mai kai iri ɗaya, tashar da ke kusa da shi tana da wani iri, sai da mahaɗi na musamman. Wa ya kamata ya gaya masa kafin ya biya? Sanyi ma yana rage ƙarfin batir: a watan Janairu na 2024, lokacin wani mugun sanyi a Shikago, motoci suka yi layi suka mace a tashoshin caji, da yawa daga cikin direbobin ba wanda ya taɓa gaya musu cewa sai an ɗumama batir kafin ya karɓi wuta da sauri.

Yanzu mu zo ga wurin da dillalan ke da gaskiya, domin suna da ita. Tashoshin caji na jama'a abin kunya ne a wurare da yawa. A 2022 masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka zagaya yankin San Faransisko, cibiyar motar lantarki ta Amurka, suka gwada kawunan caji mai sauri 657 a tashoshi 181. Kashi 72.5 cikin 100 kaɗai suka yi aiki. Sauran, wani allonsa ya mutu, wani ya ƙi karɓar kuɗi, wani ya fara ya katse, wasu kuma wayarsu ta gaza kaiwa ga motar. Kamfanonin da ke da tashoshin kuwa suna shaida wa hukuma cewa kashi 95 zuwa 98 na kayansu lafiya lau suke. Ka kwatanta gidan mai inda famfo ɗaya cikin huɗu ya lalace, kuma ba ka sani sai ka iso da tanki wayam. Ga kuma wulaƙancin biya: kowane kamfani da manhajarsa ta wayar salula, sai ka yi rajista, ka zuba kuɗi, a wurin da wani lokaci ko layin waya babu.

Magabata ma ba su fita ba. A 2021 majalisar Amurka ta ware dala miliyar 7.5 don caji, miliyar 5 daga ciki don jera tashoshi bisa manyan hanyoyi, kowane kilomita 80. Tasha ta farko ba ta buɗe ba sai Disamba 2023, a jahar Ohio. A Fabrairu 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da shirin, jahohi suka kai ƙara, kotu ta ce a saki kuɗin. Rangwamen haraji na dala 7,500 da mai saye ke samu, fiye da miliyon huɗu na kuɗin sefa, ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2025. Faransa ta yi alkawarin wuraren caji 100,000 kafin ƙarshen 2021, ba ta cika ba sai Mayu 2023. Shi kansa Tesla, wanda tashoshinsa suka fi na kowa aminci, a Afrilu 2024 mai shi ya wayi gari ya sallami kusan dukan ma'aikatan sashen caji, daga baya ya maido da wasu. Ba waliyyi a cikin wannan kasuwa.

To amma lalacewar tasha hujja ce ta yin shiru, ko kuwa hujja ce ta ƙara bayani? Inda hanya ke da rami, nan ne aka fi bukatar ɗan jagora. Akwai manhajoji irin su PlugShare da Chargemap, inda direbobi da kansu ke rubuta wace tasha ke aiki, wace ta mutu tun makon jiya. Akwai masu tsara maka tafiya, su gaya maka inda za ka tsaya da minti nawa. Yawancin motocin ma suna ɗauke da taswirar a allonsu. Minti goma sun isa a nuna wa mai saye wannan duka, a raka shi tasha mafi kusa ya yi cajin farko a gaban mai sayarwa. Dillalin da bai yi haka ba, sannan ya rubuta wa shugaban ƙasa cewa mutane na tsoron caji, tsoron da ya shuka ne yake girba ya kai kasuwa.

Inda aka ɗauki abin da gaske, ba wa'azi aka yi ba, doka aka kafa. Tarayyar Turai ta zartar a 2023 cewa a sami caji mai sauri kowane kilomita 60 bisa manyan hanyoyinta, kuma daga Afrilu 2024 duk sabuwar tasha mai sauri ta karɓi katin banki ba tare da rajista ba. Ingila ta wajabta wa masu tashoshi masu sauri amincin kashi 99 cikin 100. Norwe, wadda tana cikin ƙasashen da aka yi binciken 2018, ta sa haraji ya sauya lissafin kowa, har da na dillali. A 2024 kusan motoci tara cikin goma sababbi da aka sayar can na lantarki ne. Jama'ar ba ta sauya hali cikin shekara shida ba. Riba ce ta sauya wuri, sani kuwa ya bi ta.

Mai karatu na iya cewa: mu da ko fitila ba ta wadace mu ba, ina ruwanmu da rigimar masu ƙoshi? Ruwanmu shi ne motar da Bature ya gaji da ita, mu ake kawo wa. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyon 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Abin da ake sayarwa sabo can yau, shi ne zai sauka tashar jirgin ruwa ta Lome bayan shekara goma ko sha biyar. Garantin batir galibi shekara takwas ne ko kilomita 160,000, wato zai iso mana ya riga ya ƙare. Batir kuwa shi ne mafi tsada a jikin motar, kuma ba a gane lafiyarsa da duban fenti ko sauraren ƙarar inji. Sai an jona na'ura an karanta. Zafi na cin sa: tun 2012 masu Nissan Leaf a Arizona suka yi kukan batirinsu ya raunana da wuri, saboda ba shi da ruwan sanyaya. Wanda ya san watan Afrilu a Tawa ya san abin da wannan ke nufi. Kuma da yake kasuwarmu daga ko'ina take karɓa, za mu haɗa kan caji na Japan, da na Amurka, da na Turai, da na Sin a fili guda, bisa hanyar da daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ce.

Ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur tun farkon 2024, tun kafin ta tanadi isassun wuraren caji a wajen Adis Ababa, kuma masu motocin can sun ɗanɗana kuɗarsu wajen neman makanikai da kayan gyara. Mu nan ba a kai ga haka ba. Amma ranar da tsohuwar motar lantarki ta fara bayyana a filayen dillalanmu, da takardun duwan a manne bisa gilashi, mai saye yana da ikon ya nemi a nuna masa a rubuce kashi nawa ya rage na ƙarfin batir, wane kan caji ne da ita, da kuma ko wayar gidansa za ta ɗauki kilowat 7 har tsawon dare ba tare da ta ƙone ba. Dillalin da ya kasa amsa waɗannan uku, a bar masa motarsa a filinsa.